Sabis ɗin Nijar a Ɗakin Takaba

Wa ya ce aikin danne-danne ne? Kai mai jar hula, na ji ka sarai, kada ka wani sunkuyar da kai. Tun da kuka shigo shagon nan kuke leƙen jakata kuna ƙunshe dariya, wai sukundireba da tsohon buroshin haƙori da filas su ne kayan aikin injiniya. To su ne! Da su na ci abinci fiye da shekara ashirin a garin Daura. Ku da kuka kalli bidiyo a waya kuka koyi yi wa kwamfuta fomat, wato a goge komai a zuba sabo, kuna ganin kun gama sana'a. Ku gyara zama in ba ku labarin wani aiki da na yi a garin Babban Mutum, can bakin iyakar Nijar, ku ji ko akwai shi a bidiyon naku.

Wata yarinya ce, Sa'adatu, ta kira ni da hantsi, murya ƙasa-ƙasa. Ban san ta ba, wata ungozoma da nake yi wa gyara ce ta ba ta lambata. Mijinta ya rasu, tana takaba a gidan iyayensa. Karatun aikin lafiya take yi, irin wanda ake zuwa makaranta ƙarshen mako, ta gama komai, saura kawai ta zauna gaban malamai ta kare binciken da ta rubuta. Da rasuwa ta faɗo sai makarantar ta yi mata alfarma, aka ce tunda ba fita za ta yi ba, za a saurare ta ta intanet ranar da 'yan ajinsu za su yi nasu. Dama ɗaya ce tak. In ta wuce ta sai maimaita shekara, kuma mijin da yake ɗora ta a babur ya kawo ta Daura duk Asabar ya kwanta dama. Ita ta san ba mai kawo ta wata shekarar, ni ma da na ji bayanin na sani. Ranar kuwa jibi ce.

"Anti Binta, kwamfutar ce ta ƙi hawa intanet," in ji ta. "Sau biyu ana kai ta Daura. A can tana yi lafiya lau, da an dawo da ita gida sai ta tsaya cak."

"Me suka yi mata a can?"

"Sun ce sun yi mata fomat. Wayata ma sun ce ta cika nauyi, sun yi mata wanka, sun mayar da ita kamar sabuwa."

Wallahi raina ya ɓaci. Na ce mata kada kowa ya ƙara taɓa kwamfutar nan, kada ta ƙara fita daga ɗakin, gobe da sassafe ina nan tafe da kaina.

Kun ji na ce da kaina. Dalilin ke nan da nake wannan dogon bayani, don haka bari in koma baya kaɗan. Wanda ya koya min aiki, Malam Idi, Allah ya jiƙansa, asalinsa mai gyaran rediyo ne a wani lungu can wajen Kusugu, daga baya ya koma kwamfuta. Na shiga wurinsa ina buga takardu. Na yi watanni bai bar ni na riƙe sukundireba ba. Aikina kawai in tare mai kaya a bakin ƙofa in tambaye shi yaushe ta fara, me ya yi mata kafin ta fara, kuma a ina yake ajiye ta. Ina jin haushi ƙwarai, ina ganin ɓata min lokaci yake. Wata rana wani malamin firamare ya zo da tasa, wai tana mutuwa da kanta da ya yi ɗan aiki. Na ce masa a ina yake ɗora ta? Ya ce a kan katifa mana, a ina kuma. Malam Idi ko kunna ta bai yi ba. Ya kwance bayanta, ya nuna min fankar ta cushe da auduga da ƙura ta kasa juyawa, ya miƙo min buroshi ya ce in share. Na share, aka ce wa malamin ya nemi faifai ko katako ya riƙa ɗorawa. Bai sake dawowa da wannan matsalar ba.

Shekarar da na sha wuya ita ce wadda fetur ya yi tashin gwauron zabi, bayan na buɗe nawa shagon. Wuta ba ta zuwa, injin wuta ya gagare ni, sai in wuni a zaune ina korar ƙuda. Daidai lokacin kuma samari irinku suka cika bakin tasha da laima da tebur, kowace cuta maganinta ɗaya a wurinsu. Kwamfuta na jan ƙafa? Fomat. Sauti ya ɗauke? Fomat. Mutane kuwa suna son abin da ake gamawa kafin su sha ruwan leda. Sai da na rufe shagon nan na wani lokaci, har 'yan'uwa suna cewa Binta, ki haƙura ki koma sayar da atamfa, sana'ar maza ce dama. Na ce ba inda zan koma. Na rataya jakar nan na fara bin gidaje, gidajen da aka rubuta ba shiga a bakin zaure, inda ɗan laima ba shi da ikon taka ƙafa. A nan na ga abin da ban taɓa lura da shi ba ina shago. Malamar makaranta, mai sayar da turare ta intanet, ɗaliba, duk suna da kwamfuta a ɗaka. In ta lalace miji ko ƙane ake ba wa ya kai kasuwa. Shi bai san me ke damunta ba don ba shi ke aiki da ita ba, mai aiki da ita kuma ba ta zuwa. Sai a gyara abin da bai lalace ba a dawo da ita. Tun daga shekarar na daina karɓar kwamfuta daga hannun ɗan aike in dai zan iya zuwa inda take zaune.

To washegari na shiga motar haya, na isa Babban Mutum rana ta fara zafi. Bazara ce, ana ta jiran ruwan farko. A zaure na tarar da wan mamacin, Malam Lawal, shi ne wanda ya yi ta kai kwamfutar Daura. Na yi masa ta'aziyya, ya amsa, sai ya kalli jakata.

"Malama, ai da kin bari na kawo miki, kin sha wahalar hanya a banza. Yaran can sun ce ta tsufa ne, sai dai a sayi wata."

"Yaran can sun zo nan sun gan ta?"

"A'a."

"To ni na zo."

Sai ya fito da abin da ke ransa. "Ni fa tun farko ban ga dacewar mai takaba ta zauna tana magana da maza a allo ba."

"Malam Lawal, ni ba malamar fiƙihu ba ce. Ka tambayi limaminku."

"Na tambaya. Ya ce ba laifi. Amma kin san bakin mutane."

Na ce masa bakin mutane ba ya cikin kayan da nake gyarawa, ya ba ni hanya. Ya matsa, amma fuskar nan a murtuke.

A tsakar gida mahaifiyar mamacin ce zaune a inuwar rumbu tana ɓare gyaɗa, tsohuwa siririya, kowa Inna yake ce mata. Na durƙusa na gaishe ta na yi mata gaisuwar rashi. Ta ce Allah ya ba da lada, ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Ba ta tambaye ni me ya kawo ni ba, ni ma ban gane ko tana so ko ba ta so ba.

Sa'adatu na zaune a kan tabarma, kwamfutar a gabanta. Na kunna, allo fayau, ba komai a ciki. Binciken nata Allah ya sa tana da shi a filas, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta. Amma hotunan bikinsu, da waɗanda ta ɗauki marigayin a gona, da wani ɗan bidiyo yana gyara babur yana tsokanarta, duk a nan suke, duk sun tafi. Ta tambaye ni ko za su dawo. An goge sau biyu an zuba sabbin abubuwa a kai, na faɗa mata gaskiya ba abin da zan iya tonowa. Ta gyaɗa kai kawai ta ce to. Na ji kamar in koma Daura a ƙafa in kife musu teburin nan. Ku ji ni da kyau, duk wanda zai zauna a ƙarƙashina, ba ya goge kwamfutar mutum sai ya kwashe masa kayansa gefe, kuma sai in duk wata dabara ta ƙare. In na kama ɗayanku ya yi akasin haka, ranar zai bar shagon nan.

Na fara da ƙaramin abu, kullum da ƙarami ake farawa. Na duba agogon da ke ƙasan allo, sai na ga kwanan watan ya koma baya shekaru. Akwai wani ɗan batir kamar kwabo a cikin kowace kwamfuta, shi ke riƙe mata lokaci, in ya mutu sai ta manta ranar da ake ciki, shafuka da yawa kuma ba sa yarda su buɗe wa mai kwanan wata na ƙarya. Ina yawo da irinsa a jaka, na canza, na saita. Sai na biyu. Kwamfutar da aka yi wa fomat mayunwaciya ce, da ta ji ƙanshin intanet sai ta hau jawo sabbin kayanta a ɓoye, ta shanye data ta toshe hanya, kai kana zaune kana zagin kamfani. Na shiga na gaya mata layin nan a ƙididdige yake, ta dakata da jaye-jayenta. Na kashe ta na sake kunnawa, na haɗa ta da wayar Sa'adatu. Shiru, ko shafi ɗaya bai buɗe ba.

A nan ɗan laima zai ce ta tsufa. Ni kuwa na ajiye kwamfutar na ɗauki wayar. Sandunan sabis a cike taf, har sama. Na duba sunan da ke gefensu, sai ga sunan kamfanin Nijar.

Ku da ba ku taɓa wuce Daura ba, ku saurara. A garuruwan bakin iyaka, Mai'adua ne, Babban Mutum ne, sau da yawa ƙarfen sabis na tsallake ya fi namu ƙarfi. In ka bar waya ta zaɓa da kanta, wanda ya fi ƙarfi take kamawa, ba ruwanta da wace ƙasa ce. Datar da ka saya a Najeriya kuwa ba ta aiki a can. Sai ka ga sabis a cike, intanet babu. Na nuna wa Sa'adatu, ta riƙe baki.

"Anti, ai da ba ta yin haka."

"Wa yake haɗa miki da?"

"Shi ne. Ni dai sai dai ya miƙo min ya ce ga shi nan ya hau."

Wato marigayin ya san garinsu, tuntuni ya ɗaure wayar a kan layin Najeriya. Wankan da aka yi mata a Daura shi ya kwance ɗaurin. Su kuma can ba za su taɓa gani ba, don a bakin tasha sabis ɗin Nijar ba ya zuwa. Na shiga wurin zaɓen layi, na cire shi daga zaɓen kai, na zaɓi namu da hannu. Sanduna suka zube saura ɗaya, ita ma tana zuwa tana tafiya. Ɗakin ginin ƙasa ne mai kauri, sama kwano, wannan ba zai ɗauki magana da hoto ba.

Malam Lawal da ke jin mu ta taga ya ce ai a bakin kasuwa sabis na da kyau, tunda dole sai an yi, a kai ta can a gama. Sa'adatu ta ce ba za ta taka waje ba, ta riƙe takabarta tun ranar farko ba za ta ba kowa abin faɗa ba yanzu. Na ce ba sai ta fita ba, wayar ce za ta nemi wuri. Na ɗaga ta sama na shiga zaga gidan, madafa, bakin rijiya, bayan rumbu, matan gida na leƙe suna dariya wai baƙuwa na neman aljanu. Ku yi ta yi, na ce. A can ƙarshen gida, wajen turken awaki, na kife turmi na hau na ɗora wayar a kan katanga, sai sanduna uku suka tsaya ƙyam. Na sa aka matso da tabarmar Sa'adatu gindin tagar da ke kallon wurin, don abin da waya ke watsa wa kwamfuta ba ya son ratsa bango amma yana bin taga. Muka kira ungozomar nan ta bidiyo don gwaji, ga fuskarta tar, ga murya. Na kwana a gidan, ba na barin aiki a rabi.

Ranar da abin zai kasance na shirya wa zafi tun da wuri, don na san waya in tana watsa intanet ɗumi take yi. Na cika ta da caji, na cire mata riga, na kifa mata ƙwarya a kai na tokare gefe don iska. An ce da safe za a kira Sa'adatu. Sai layi ya yi tsawo a makarantar, aka yi ta cewa ta jira, ta jira, har cajin ya ja baya na jona mata batirin ajiya. Ba a kira sunanta ba sai da rana ta take tsaka, lokacin da katangar nan ta gasu.

Malamai uku suka bayyana a allo. Ta gaishe su, ta fara bayanin bincikenta kan yadda matan ƙauye ke haɗa ruwan gishiri da sukari in yaro na gudawa. Ta yi nisa ke nan sai fuskokinsu suka daskare.

Na fita a guje ba takalmi, na haye turmin. Wayar ta yi zafi kamar dutsen guga, har ta rubuta za ta kashe kanta. Na fizge igiyar cajin, don caji da watsawa lokaci ɗaya su ke dafa ta. Na jiƙa gefen mayafina a kwanon ruwan awaki, na matse, na shimfiɗa mata a ƙasa, a ƙasa na ce, ba a kanta ba, kada wani ya je ya jiƙa wayar mutane ya ce ni na koya masa. Na ce a miƙo min mafici. Ina fifita ina addu'a, har rubutun ya ɓace, na ji muryar malami ta dawo daga taga. Kafin in sauke numfashi sai na ji Sa'adatu.

"Anti! Anti Binta, ina jin su, su ba sa ji na!"

In na sauka waya ta mutu, in na tsaya yarinya ta faɗi. Na waiga. Matan gida sun maƙale a ƙofar madafa, ba wadda ta motsa, don Malam Lawal na tsaye a bakin zaure ya goya hannu a baya yana kallo. Sai na ji an taɓa min ƙafa. Inna ce. Ban ga tasowarta ba.

"Sauko, 'yar nan. Ba ni abin."

"Inna, turmin na rawa."

"Sauko na ce."

Na sauka, ta karɓi maficin, ta dafa kafaɗata ta hau. Malam Lawal ya taho da sauri yana cewa haba Inna, ki sauko don Allah, za ki karye, me mutane za su ce. Ko kallonsa ba ta yi ba.

"Lawal, ko ka riƙe min turmin nan, ko ka koma zaurenka."

Ban tsaya ganin wanda ya zaɓa ba, na faɗa ɗaki. In sabis ya yanke ya dawo, wani lokaci makirufo ba ya dawowa tare da shi, kuma ba a tsayawa lalube. Na fitar da ita daga taron na sake shigar da ita, sauti ya dawo. Na raɗa mata ta roƙi malaman ta kashe kyamara tunda sun riga sun ga fuskarta, don hoto shi ke cin hanya. Suka ce ba komai. Daga nan magana ta miƙe. Suka yi ta jefo mata tambayoyi tana amsawa, ɗaya mai gilashi har ya so ya rikita ta, ta tsaya masa. Ni ina tsugune a gefe, ido a kan alamar sabis, kunne a waje ina jin ƙarar mafici fat, fat, fat, bai tsaya ba ko sau ɗaya. A ƙarshe babbansu ya yi mata ta'aziyya, ya ce sun gamsu, ta ci. Sa'adatu ta kifa kai a kan tabarma ta fashe da kuka.

Na fito da murnata. Malam Lawal na durƙushe cikin kashin awaki, ya rungume turmi da hannu biyu, gumi ya jiƙa masa riga. Inna na sama, hannunta na fifita har yanzu, amma ba wayar take kallo ba, ta miƙa ido can bayan katanga.

"Inna, an gama. Ta ci. Ki sauko ki sha ruwa."

"Na ji."

Ba ta sauko ba. Malam Lawal ya ɗago kai ya ce Inna, ƙafarki fa.

"Ku bar ni tukuna," in ji ta. "Ashe daga nan ana hango hanyar Daura. Duk Asabar sai dai in ji tashin babur ɗinsa, ban taɓa ganin inda yake bi da ita ba."

Malam Lawal ya sunkuyar da kai ya ƙara ƙanƙame turmin. Ni kuwa hannuna ya riga ya miƙa zan ɗauko wayar in kashe, sai na janye shi. Na bar ta a kan katanga, na koma inuwar rumbu na zauna har sai da Inna ta gama kallonta.